Yadda ake dasa rhododendron ɗan aure har ya yi fure

Guda biyu na kashe a bayan gidanmu nan Ingila kafin na gane ashe ba hannuna kaɗai bane, ƙasar ma bata masa ba. Shi wannan icen asalinsa na kan tsaunuka ne masu sanyi da danshi irin Himalaya, a Nepal ma shine furen ƙasa, shi yasa in kana Kano ko Zinder kar ma ka ɓata kuɗinka, zafin bazara ɗaya ya gama dashi.

Kafin ka sayi komai fara auna tsamin ƙasarka, ɗan abin awon baya da tsada a shagon kayan lambu. Yana son ƙasa mai tsami, pH (ma'aunin tsamin ƙasa) 4.5 zuwa 6. In taka mai alli ce ka haƙura ka sashi a babbar tukunya da ƙasar buhu wadda aka rubuta ericaceous a jiki. In kai sabon shiga ne nemi irin da ake kira Cunningham's White ko Nova Zembla, sun fi haƙuri.

Sai wuri, inda rana ke taɓawa da safe inuwa ta rufe da rana tsaka, ba inda ruwa ke kwanciya ba. Oktoba ko Maris zuwa Afrilu ake dasawa.

Ramin nan ne mutane ke kwafsawa. Saiwarsa sama-sama take, siririya kamar gashi, ka haƙa mai faɗi ninki biyu na ƙullin saiwar amma banda zurfi, saman ƙullin ya yi daidai da bakin ƙasa, ni na farko binne shi nayi kamar mai dasa mangwaro, wata uku ganye ya langaɓe ya mutu. Ka shimfiɗa ɓawon ice ko ruɓaɓɓen ganye kamar santimita 5 a kewaye, kar ka yi masa noma da fartanya.

Ruwan sama yafi, ka tara a duro. Na famfo a wurare irin Landan akwai alli, in kaga ganye yayi ɗorawa jijiyoyin na nan kore, to allin ne. Toka ma kar ka zuba masa wai taki. Daga Yuli zuwa Satumba kar ka barshi da ƙishi, lokacin yake ƙulla furen baɗi.

Furen watan Mayu in ya bushe tsinke shi da yatsa a hankali, akwai sabon toho a gindinsa. Kuma ganyen guba ne, a kula da yara da mage, tumaki da awaki kam har kashe su yake.