Yadda na gano ƙarar da motata mai lantarki ke yi

Tun dawowata daga Argungu, in na taka totur sai in ji "ƙas" sau ɗaya, in na saki ta maimaita. Hankalina ya tashi, na zaci injin lantarkin ne. Amma siririn kukansa mai ƙaruwa da gudu ɗabi'arsa ce, wannan daban.

Na riƙa yin gaba da baya a hankali, ƙanena yana saurare daga waje. Ya ce, "Yaya, tayar gaba ta hagu ce." Makanike a Birnin Kebbi ya kwance, ashe notin shaft (ƙarfen da ke juya tayar) ne ya saki, giris ya bushe. Ya wanke, ya shafa sabo, ya ɗaure notin daidai awon kamfani. Wayoyin lantarkin motar masu ruwan lemo kuwa na hana kowa taɓawa, wutarsu na kisa. Ƙarar ta ɗauke.