Yadda za ki riƙe karatun Littafi Mai Tsarki kullum da safe

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ran Lahadi bayan sujada wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta tare ni a bakin coci, tace yaya ni fa duk Janairu ina ɗaukar Baibul daga Farawa amma da na kai Littafin Firistoci sai ƙarfina ya ƙare. Abin ya taɓa ni sosai, shi yasa na zauna na rubuta abinda na faɗa mata.

Ki fara da lokaci. A nan Garwa ta Kamaru in Maris da Afrilu suka shigo zafi kan wuce digiri 40, da rana kai baya ɗaukar komai, da dare kuma gajiya, to asuba ce taki. Ni kiran sallar maƙwabtanmu ke tada ni, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida kafin yara su tashi neman kunu, minti 15 ya isa. In a waya kike karantawa ki kashe data tukuna, saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya tafi da hankalinki, kuma ki sa caji tun dare saboda ɗauke wuta.

Kar ki fara daga Farawa. Ki ɗauki Markus, sura 16 ne kacal, rabin sura a rana wata ɗaya kin gama, sai ki haɗa da Zabura guda. Karin Magana ma sura 31 ne, kowace rana da tata. Duka Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, mai son gamawa a shekara sai ya yi 3 ko 4 kullum, amma dan Allah kar ki ɗora wa kanki wannan yanzu. Harshe kuwa, wanda zuciyarki ke ji, Hausa ko Deftere Allah na Fulatanci ko na Faransanci, ni nakan buɗe biyu in aya ta min nauyi.

Abinda yafi taimaka min shine ɗan littafin rubutu da biro. Kin karanta, ki tsaya a kan aya ɗaya, ki maimaita ta a bakinki, ki tambayi kanki me ta nuna min game da amincin Allah, sannan ki rubuta kwanan wata da abu ɗaya da Ubangiji ya miki jiya, ko da kuɗin makarantar yaro ne ya samu ko zazzaɓi ya sauka. A Joshuwa 4 duwatsu 12 aka ɗebo daga Urdun aka kafa domin in yara sun tambaya a basu labari, littafin nan shine duwatsunki. Shekarar da ruwa ya cinye mana gonar masara a bakin Binuwai na kasa addu'a kwata-kwata, littafin rubutuna na buɗe ina bin shafi shafi ina hawaye har na iso inda na kwafi Makoki 3:22-23, cewa jinƙansa sabo ne kowace safiya, amincinsa kuma mai girma ne. Wanda ya rubuta haka fa yana kallon Urushalima ne bayan Babila ta rushe ta.

In kin tsallake kwana biyu kar ki ce sai kin rama, manna, abincin da Allah ya sauko wa Isra'ilawa a jeji a Fitowa 16, ta rana ɗaya ake tarawa. Ki buɗe inda kika tsaya kawai. Gobe da asuba Markus 1, aya 1 zuwa 20, in mun haɗu Lahadi ki nuna min abinda kika rubuta.