Yadda ake haɗa tauraron ado na katako da injin yanka kwana

Duk yaron da ya zo koyon aiki ya hango tauraron katakon da ke rataye a bayan bencina, abin da yake fara cewa shi ne, "Oga, wannan ai ba wuya." Sai in miƙa masa ragowar katako in ce bismillah. Gutsattsari bakwai za su zauna lafiya lau, na takwas ya ƙi shiga, ko ya shiga ya bar ɓarakar da tsinken ashana zai wuce ta ciki. Ni ma haka ta faru da ni a nawa na farko. Na cusa gam da garin katako a ramin, na shafe, na ce babu mai lura. Har yau idan na ɗaga kai baƙin layin nan nake fara gani.

Tauraron da zan nuna maka mai tsini takwas ne, kuma da shi nake so ka fara, ko da mai tsini biyar ne ya ba ka sha'awa. Ana haɗa shi da gutsattsari takwas, kowanne da siffar daimon irin na jikin karta: gefe huɗu masu tsawo ɗaya, tsini biyu masu kaifi. Tsini ɗaya na kowane daimon ya haɗu da 'yan uwansa a tsakiya, ɗayan ya kalli waje. Shi ke nan fa.

Lissafin ba shi da yawa, amma a nan mutane ke fara ɓata hanya. Kewayen tsakiya digiri 360 ne. Raba shi takwas, kowane tsini ya sami 45. To, lambar da ke jikin farantin inji ba ita ce kusurwar katakonka ba. Inji yana kan sifili ne lokacin da yake yanka a miƙe, wato 90. Saboda haka kullum cire kusurwar da kake so daga 90, abin da ya rage shi za ka sa wa inji. A mai tsini takwas, 90 a cire 45 saura 45, an yi dace lambobin sun zo ɗaya, shi ya sa ba ya rikita ɗan koyo. A mai tsini shida kusurwar 60 ce, inji kuma 30. A mai biyar 72 ce, inji 18. Na ga wanda ya kwashe rabin yini yana ƙoƙarin juya inji zuwa 72, inji kuwa yawanci iyakarsa 45 zuwa 50.

Wani tarko ga mai son shida: injuna da yawa suna da ramin da hannun juya inji ke faɗawa da kansa a 31.6. Wannan na masu aikin adon silin ne, ba 30 ba ne. Duba lambar da idonka, kada ka yarda da ƙarar "ƙas" ɗin kawai.

Katako kuwa, nemi sanda mai faɗin santimita 5, kauri kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, tsawo mita ɗaya. Da wannan faɗin tauraronka zai kai kusan santimita 26 daga tsini zuwa tsini. Kai shi wurin masu inji su fere maka shi fuska huɗu, kuma faɗin ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Auna a wuri uku. In kan nan 5 ne, can kuma ya haura da milimita biyu, mayar musu, don babu dabarar da za ta gyara wannan daga baya. Ni na fi son haɗa kala biyu, malaina mai haske da maɗaci mai ja, ɗaya bayan ɗaya, huɗu-huɗu. In haka za ka yi, a tsaga sandunan biyu a lokaci guda ba tare da an taɓa saitin inji ba. Katakon falet, wato dandamalin da ake ɗora kayan kamfani a kai, da ake samu a banza yana yi, amma ƙusa ɗaya da ta ɓuya a ciki za ta cinye maka haƙoran zarton da kuɗinsa ya fi na katakon nesa ba kusa ba.

Kada ka yi aiki da ɗanyen katako. Katako yana tsukewa ne ta faɗi idan ya bushe, tsawonsa kusan ba ya motsi, don haka daimon ɗin da ka yanka daidai da damina zai sauya kusurwa da kansa idan hunturu ya busa, haɗin ya buɗe. Ajiye sandar a ɗaki sati biyu kafin ka taɓa ta.

Zarton da ke zuwa da inji yawanci mai manyan haƙora ne, na datsa katakon rufi. Sa mai haƙora 60 zuwa 80. Kuma in da janareta kake aiki, irin waɗannan injuna suna jan wat 1500 zuwa 1800, ƙaramin janaretan shago ba zai ɗauka ba, sai dai ka ji yana nishi zarto yana ƙona katako. Wanda ba shi da inji ma kada ya ce an bar shi a baya: akwatin yanka kwana na hannu yana da tsagar 45, kuma da zarto mai kaifi zai fitar da wannan tauraron, jinkiri ne kawai.

Kafin yanka ko ɗaya, yi wa inji shimfiɗa. Ɗaura faifan filawud a kan teburinsa, wani kuma a tsaye a jikin katangar baya, ta ramukan sukurun da ke jikinta. Juya inji 45, ka sauke zarto ya tsaga su ba tare da ya raba na ƙasan biyu ba. Tsagar nan ita ce za ta riƙa nuna maka ainihin inda zarto zai bi, kuma ta toshe babban ramin da ƙananan gutsattsari ke faɗawa su yi tsalle. Naɗe hannun riga, cire agogo, kada ka sa safar hannu, sa tabarau.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka natsu, don nan ne na faɗi, nan ne kuma kowa ke faɗuwa.

Lambar 45 da ke jikin inji alkawari ce, ba shaida ba. Inji ya sha jijjiga a mota, ya sha ƙura, katangarsa ta ɗan goce. A ce kuskurensa rabin digiri ne kacal, wanda ido ba ya gani, sukwaya ma, ƙarfen duba kusurwar 90, da ƙyar take nunawa. A ƙofa ba wanda zai kula. A tauraro kuwa rabin digirin nan yana cikin kowane daimon, sau takwas, ya taru ya zama digiri huɗu. A gefe mai tsawon santimita 7, digiri huɗu ɓaraka ce ta kusan milimita biyar a bakin waje. Ita ce ramin da na cusa wa gam. Kuma abin haushin, duk laifin yana taruwa ne a kan na ƙarshe, sai ɗan koyo ya ɗauka shi ne ya lalace, ya sake yanka wani, ya sake, alhali duka takwas ɗin ne ke da ciwon.

Maganin shi ne gwaji da katakon banza. Yanka daimon huɗu daga wata sanda mai faɗi ɗaya da ta aikin. Jera su a kan gilashi ko tayil, tsini a haɗe, kamar rabin tauraro. Huɗu sau 45 ya kama 180, wato miƙaƙƙen layi. Kara ƙarfen awo a ƙasansu. In duka gefen biyu sun kwanta a jikin ƙarfen babu haske, injinka lafiya. In an bar sarari tsakanin na ƙarshe da ƙarfen, tsinin ya yi siriri da yawa, wato inji ya wuce 45, dawo da shi baya kaɗan. In kuwa sun cika sun tura ƙarfen har tsakiya ta ɗaga, tsinin ya yi kauri, ƙara juya inji gaba. Kaɗan nake nufi, kamar kaurin layin fensir. Wani lokaci ramin 45 ɗin yana janyo hannu ya koma inda yake; in haka ne bar shi a ramin, ka liƙa salatif na takarda ninki ɗaya ko biyu a jikin katangar filawud, a ƙarshen da ya dace, ya ɗan karkatar da sandar. Sake yanka huɗu, sake gwadawa. Nakan yi haka sau uku kafin in taɓa katakon kirki, kuma ban taɓa jin na yi asarar lokacin ba.

Da kusurwa ta zauna, sai tsawo. Daimon na gaskiya gefensa huɗu ɗaya suke, in ba haka ba tsakiyar za ta haɗu amma kafaɗun su fito wani gaba wani baya. Da faɗin santimita 5, kowane gefe ya kama 7.07, amma rabu da tef, ba ya nuna irin wannan. Yanka bakin sandar a 45. Ɗauko wata guntuwar sanda mai faɗi ɗaya da ita, ɗora a kai, gefenta ɗaya ya bi bakin yankan daidai, ka ja fensir ta ɗaya gefen. Layin nan shi ne yanka na biyu. Zarto yana cin kusan milimita uku, don haka haƙori ya bi ta wajen layin, ba ta cikin daimon ba. Yanka biyu, kara yankakken gefen wannan da asalin gefen wancan. In yatsa bai ji tudu a ko wane ƙarshe ba, ka samu.

Kada ka auna kowanne daban. Kafa tokari, wato guntun katakon da bakin sanda zai riƙa tsayawa a kansa, a jikin katanga don duk su fito tsawo ɗaya. Guntun da ya faɗo a yankan farko shi ya fi dacewa da tokari, tunda karkatarsa ta yi daidai da bakin sandar. Amma a kula sosai a nan. In ƙaramin daimon ya maƙale tsakanin tokari da zarto mai gudu, zarto zai cafke shi ya harba, na ga ya fasa gilashin taga daga nesa. Abin da nake yi, ina matsar da tokarin baya, in sa wani siririn katako a tsakani. In tura sanda ta taɓa shi, in danne sandar, in zare siririn, sannan in yanka. Daimon ya sami wurin numfashi. Hannunka yana kan doguwar sandar, aƙalla santimita 15 daga zarto. Sauke a hankali, saki makunni, jira zarto ya tsaya cak kafin ka ɗaga. Masu ɗagawa yana juyawa su ne tsinin daimon ɗinsu ke gutsirewa. Hure garin katako daga gindin tokari bayan kowane yanka. In sandar ta rage ƙasa da santimita 30, bar ta, ta zama ta gwaji. Shi ya sa na ce mita ɗaya, ko da yake takwas ɗin ba su cin fiye da santimita 65.

Jera su duka babu gam tukuna. Juya su ka ga yadda jijiyar katakon ta fi kyau: ko duk ta bi hanya ɗaya tana zagayawa, ko ka kifar da ɗaya bayan ɗaya su riƙa haɗuwa kamar ƙashin kifi. Sa musu lamba a baya.

Wajen gam, kada ka haɗa takwas a zama ɗaya, za su yi ta zamewa kamar sabulu. Shimfiɗa leda a kan gilashi. Yankakken gefe yana shan gam, don haka shafa masa farin gam siriri, jira minti biyar, ka ƙara. Haɗa biyu-biyu, goga su da juna har ka ji sun kama, ja salatif na takarda a kan haɗin gaba da baya. Kowane biyu 90 ne, duba da sukwaya. Bayan awa ɗaya haɗa su su zama rabi biyu, ka bar su su kwana. Kashegari liƙa samfefa mai lamba 120 a kan gilashi, ka goga miƙaƙƙen gefen kowane rabi a kai, a tsaye, har su haɗu babu haske. Ɗan kuskuren da ya rage nan yake mutuwa. Wannan ce falalar takwas da shida a kan biyar: biyar ba ta rabuwa biyu, ba ka da miƙaƙƙen layin da za ka gyara, 18 kuma ba ta da rami a jikin inji. Siririn tauraro irin na tutar Gana ma wani karatu ne, tsininsa 36 ne, sai an ƙera masa katanga ta musamman da abin danne katako. Bari sai hannunka ya faɗa.

Goge gam ɗin da ya ɓullo da jiƙaƙƙen tsumma tun yana ɗanye, don inda ya bushe banish ba ya kamawa. Manna zagayayyen filawud siriri, kamar faɗin murfin gwangwanin madara, a tsakiyar baya, shi ne zai riƙe haɗin in tauraron ya faɗo. Samfefa 120, sannan 180, a naɗe a jikin guntun katako don kada tsini ya dushe. Ni ba na fenti a kan maɗaci, banish marar ƙyalli shafi biyu ya isa. Farin katako mai taushi kuwa yi masa fentin da ka ga dama. Ƙaramin maratayi a jikin filawud ɗin baya, sama da tsakiya kaɗan, kuma ka daidaita shi da tsini ɗaya don tauraron ya tsaya a miƙe a bango.