Ciwon baya: kurakuran da na gaji da gani

In ciwon baya ya haura wata 3, ya zama ciwon zama da shi, kuma kusan kowa a Maradi ramuka iri ɗaya yake faɗawa.

Na farko kwanciya. Mutum ya shimfiɗa tabarma, ya rufe shago, wai yana hutar da baya. Wannan ta taɓa cinye mini ɗinkin salla guda, na tashi ƙugu ya sandare, ƙafafu ba ƙarfi. Naman da ke riƙe ƙashin baya saki yake yi in ba a motsa shi, sai ciwon ya samu wurin zama. Ni yanzu bayan asuba nake taka ƙasa kafin rana ta ɗaga, kuma ba na wuce rabin awa a kan keken ɗinki ban miƙe ba.

Na biyu ya fi ƙona mini rai: a kifa mutum a sa ƙato ya tattaka masa baya, ko a murɗe masa wuya har ya yi ƙas, a ce ai haka Turawa ke yi. Haba jama'a! Gyaran ƙashin baya da hannu, wanda aka fara a Amurka a 1895, karatu ne na shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta lissafa shi tare da tausa da motsa jiki cikin abin da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu, amma wa ya ce kowane mai ƙarfi ya ɗauka? Murɗa wuya, ko da ba kasafai ba, yakan yaga jijiyar jini har ɓarin jiki ya shanye. In kuwa akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, ko fitsari na kufcewa, ko ƙafa ta mutu, kada kowa ya taɓa bayan nan. A nufi likita a yi radiyo, wato hoton ƙashi, don tarin fuka yana cin ƙashin baya, tattakawa kuma sai ta ƙarasa shi.

Ɗaure ƙugu da ɗamara kullum: a kwance ta, hukumar nan ma ba ta yarda da ita ba. Ƙaho: in dole ne, wanzami ya buɗe sabuwar reza a gabanka.

Ƙannena 'yan kabu-kabu, tramol rufe ciwo yake yi, ku wuni kuna dukan gargada ba ku ji ba. Ku tambayi likita ya tura ku wurin kine, wato ƙwararren motsa gaɓoɓi na asibiti, ya nuna muku miƙewar da za ku riƙa yi kafin ku hau babur.