Yadda Ake Kula da Farce Mai Maiƙo

Mata da yawa a Bauchi suna kukan cewa jan farce ba ya daɗewa a hannunsu, ko kuma lalle ba ya kama farcensu yadda yake kama na ƙawayensu, sai su ce farcensu ne mai maiƙo. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, farce ba ya fitar da mai da kansa. An gina shi da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, irin wanda ke cikin gashi, kuma ba shi da ƙananan jijiyoyin da ke tsatsar da maiƙo kamar yadda fatar fuska da fatar kai suke da su. Ko tafin hannu ma ba shi da su. Saboda haka duk maiƙon da aka gani a kan farce daga wani wuri ya zo, kuma gano wurin shi ne matakin farko.

Sau da yawa daga jikin mutum yake zuwa. Wanda yake yawan shafa goshi, ko murza gefen hanci, ko susar kai, yana kwasar maiƙo da yatsunsa ba tare da ya lura ba, musamman samari da 'yan mata waɗanda fuskarsu ke yawan naso a shekarun balaga. Sai man shafawa da man gashi, da basilin da ake lafta wa hannu lokacin hunturu. Sai kuma sana'a, wadda a wajenmu ita ce babba: mai tuyar masa ko ƙosai ko awara, mai matsar man gyada da yin ƙuli-ƙuli, mai kitso, mahauci, da bakaniken da ke wuni cikin baƙin mai. Yawan gumin tafin hannu shi ma yana sa farce ya riƙa sheƙi kamar an shafa masa mai, alhali danshi ne kawai.

Gwajin da zai raba gardama ba shi da wuya. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai ɗumi, a tsane shi sosai da ƙyalle mai tsabta, sannan a yi kamar awa ɗaya ba a taɓa fuska ko gashi ko abinci ba. Idan santsin ya tafi, to daga waje yake, kuma tsabta kawai yake buƙata. Idan kuwa akwai wani ɗigo mai launin rawaya ko ja-ja-ja da yake kama da ɗigon mai, amma a ƙarƙashin farcen yake, wanki bai taɓa shi ba, wannan ba maiƙo ba ne. Likitocin fata sun san shi a matsayin ɗaya daga cikin alamomin cutar soriyasis, wadda kan zo da ɓawo-ɓawo a gwiwa ko gwiwar hannu ko kai. Haka nan farcen da ya yi kauri yana marmashewa, ko ya ɗaga daga nama ya yi kore, ko gefensa ya kumbura yana zogi da ruwa, duk maganarsu ta asibiti ce, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe. Akwai ma farcen da yake sheƙi saboda mai shi ya daɗe yana susar jiki har farcen ya goge. A nan ƙaiƙayin ne ake nema wa magani.

Ga maiƙon waje, a wanke hannu da sabulun wanka mai sauƙi bayan an gama aiki, a bi ƙarƙashin farce da tsohon buroshin haƙori mai laushi wanda aka keɓe don haka. Kada a yi amfani da allura ko reza ko tsinke wajen ƙwaƙulo datti, domin suna raba farce da nama, kuma ramin da suka bari shi ne ke tara ruwa da ƙwayoyin cuta. A kuma yanke farce gajere, tunda dogon farce ne maɓoyar mai. Sunna ma ta hana a bar shi ya wuce kwana 40, amma mai sana'ar abinci ya fi dacewa ya yanke duk mako.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen neman cire maiƙon da ƙarfi. Na ga bakanikai suna wanke hannu da fetur ko kalanzir, da mata masu jiƙa hannu cikin omo ko ruwan bilic, kuma a ganina wannan ya fi maiƙon illa nesa ba kusa ba, domin yana busar da fatar da ke kewaye da farce har ta tsattsage, farcen kuma ya fara ɓarewa. Baƙin mai yana narkewa a cikin mai ɗan'uwansa, don haka bakanike ya murza ɗan man gyada a yatsunsa na kamar minti ɗaya, ya goge da tsumma, sannan ya bi da sabulu. Mai yawan wanke-wanke kuma ta sa safar hannu ta roba.

Mai son sa lalle ko jan farce ta wanke hannu, ta bari ya bushe sarai, kada ta shafa mai a ranar sai bayan an gama. Idan jan farce ne, ta goge kowane farce da auduga da ɗan sifirit kafin ta shafa. Ruwan goge jan farce mai ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira asiton yana cire maiƙo nan take, sai dai yawan amfani da shi yana busar da farce, don haka kada ya zama na kullum. Sanannen abu ne kuma cewa jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farce, lalle kuwa ba ya hanawa.

Kada a ɗauka cewa mai farce mai maiƙo ba ya buƙatar mai sam. Siririyar fatar da ke gindin farce ita ce ke rufe hanyar ƙwayoyin cuta, kuma iskar hunturu tana fasa ta. Da dare a shafa mata ɗan man kaɗanya, da safe a wanke. Idan za a ba masu yankan farce na kasuwa hannu, a hana su yanke wannan fatar, a kuma riƙe almakashi ko abin yankan farce na kai, saboda ciwon hanta yana iya bin ƙarfen da ya taɓa jinin wani.

Farcen da fetur ko omo suka riga suka lalata ba ya gyaruwa a inda yake, sai dai sabo ya tura shi. Farcen hannu yana tsawo kamar milimita 3 a wata, wato sai an yi kusan wata 6 kafin ya sauya gaba ɗaya, na ƙafa kuma yakan kai shekara ko fiye.