Yadda malami zai sa ɗaliban sakandare farautar duwatsun sararin samaniya

Malamai da yawa in ka ce musu a koya wa yara ilimin taurari sai su ce ai ba mu da na'urar hangen nesa, kuma ga hazo ga rashin wuta, to wallahi wannan aikin da zan faɗa ba ya buƙatar ko ɗaya, laftop ɗaya mai Windows da ɗan data sun isa.

Akwai wani shiri na haɗin gwiwar binciken sararin samaniya na ƙasa da ƙasa da ake kira IASC (International Astronomical Search Collaboration), Dakta Patrick Miller ne ya kafa shi a 2006 a jami'ar Hardin-Simmons da ke Texas a Amurka. Suna karɓo hotunan sama na gaske daga na'urar hangen nesa ta Pan-STARRS da ke kan dutsen Haleakala a Hawaii, su raba wa ƙungiyoyin ɗalibai kyauta, su kuma yaran su duba ko akwai astiroid a ciki, wato duwatsun nan da ke zagaya rana, yawancinsu tsakanin Mas da Jufita. Kenan ko Kano ta cika da ƙurar hunturu ba ruwanka, saman Hawaii kake kallo.

Da farko ka zaɓi yara kaɗan, huɗu ko biyar ma ya yi, kuma don Allah kar ka ce sai 'yan ɗaya zuwa uku a aji, mai haƙuri ake nema, wadda za ta iya ƙura wa allo ido minti ashirin ba ta ce ta gaji ba. Ka yi musu rajista a shafin IASC, kowane gangamin neman duwatsu da suke shiryawa yakan ɗau kamar wata guda. Sai ku sauke manhajar Astrometrica da hotunan gwaji tun kafin a fara, don saitinta yana ɗan ba da ciwon kai a ranar farko, gara ka sha wahalar kai kaɗai a ofis da ka sha ta a gaban yara.

Aikin kansa ga yadda yake. Za a turo muku hotuna huɗu na wuri ɗaya a sama, an ɗauke su da tazarar wasu mintuna, manhajar za ta riƙa haska su ɗaya bayan ɗaya da sauri kamar ƙiftawar ido, taurari suna nan tsaye, amma in akwai dutse sai ka ga wani ɗan ɗigo yana rarrafe. Nan ne fa yara ke rikicewa, duk abin da ya motsa sai ihu "Malam na gani!" Ka ce su nutsu. Na gaskiya yana tafiya a miƙe ne, taku daidai, haskensa ba ya sauyawa sosai, kuma siffarsa zagayayya ce. Wanda ke tsalle nan da can ko ya fito a hoto ɗaya ya ɓace, dattin kyamara ne kawai. Ni shawarata kowane ɗigo sai mutum biyu sun yarda kafin a rubuta shi, wannan gardamar tasu ita ce binciken ma.

Daga nan manhajar za ta haɗa rahoto, ku tura da wuri cikin kwana uku, ko ba ku ga komai ba ku tura, shi ma sakamako ne.

Sai ka gaya musu gaskiya tun farko, ba yau za a sa wa dutse sunan makarantarku ba. Abin da kuka gani sai wasu na'urori sun sake ganinsa, cibiyar Minor Planet Center, mai ajiye bayanan irin waɗannan duwatsu na duniya, ta ba shi lambar wucin gadi, a yi shekaru ana bin hanyarsa kafin ya samu lamba ta dindindin, sannan ne ake iya ba da shawarar suna, lokacin wataƙila yaran naka sun gama jami'a. Satifiket ɗin shiga dai suna samu, a buga musu shi a raba a asambuli.