Kurakuran da iyaye ke yi idan 'ya'yansu za su shiga wasannin kaka a makarantun Amurka

A makarantun sakandare na Amurka, wasannin lokacin kaka ba sa jiran a koma aji. Ƙwallon ƙafa, ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, ƙwallon raga ta 'yan mata da tseren kilomita 5, galibi a watan Agusta ake tantance 'yan wasansu. A nan mutanenmu mazauna can suka fi yin tuntuɓe. Sai a kwashi yara a tafi hutu gida, Kano ko Damagaram ko Kumasi, a dawo ana gobe buɗe makaranta, alhali koci ya riga ya rufe rajista. Tun a watan Mayu ya kamata a je ofishin wasanni a tambayi ranar tantancewa, sannan a yanki tikitin dawowa. Haka ma takardar gwajin likita: idan babu ita, yaro ko atisaye ba za a bari ya yi ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɓoye zancen sikila. Da yawa cikin 'ya'yanmu AS ne, kuma a gida ba mu ɗauke shi ciwo ba sai in aure ya taso. To amma idan aka haɗa gudu mai tsanani ba hutawa da zafin rana da ƙishirwa, jinin mai AS yana iya lanƙwashewa ya toshe hanyoyinsa, yaro ya yanke jiki ya faɗi. An rasa rayuka ta wannan hanya, shi ya sa tun 2010 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta shigar da gwajin sikila cikin sharuɗɗan manyan jami'o'inta. Wasu iyayen suna yin shiru don kada a cire ɗansu, bayan kuwa AS ba ya hana wasa. A gaya wa koci da mai kula da lafiyar 'yan wasa, a bar yaro ya riƙa ƙara gudu sannu a hankali, ya sha ruwa, kuma ya tsaya nan take idan ƙafafunsa suka mutu ko numfashi ya gagara.

Kada kuma a ce "ai jinin Afirka ne, rana ba ta yi masa komai." Yaron da ya yi hutu a kwance ƙarƙashin esi bai saba da komai ba. Ƙa'idar da masana lafiyar 'yan wasa suka fitar a 2009 ta ware kwana 14 na sabawa da zafi, kuma a kwana biyun farko hular kwano kaɗai ɗan ƙwallon Amurka zai saka. Ya kamata yaro ya fara motsa jiki a gida makonni kafin ranar tantancewa.

Sai buguwar kai. Yaro zai ji jiri ko ciwon kai bayan karo, ya ɓoye don kada a ajiye shi a benci, uba kuma ya ce namiji ne, ya daure. Jihar Washington ce ta fara yin doka a 2009, yanzu kowace jiha tana da tata: a fitar da shi daga fili, kuma kusan ko'ina sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu kafin ya koma.

Game da hijabi, kada a ɗauka an hana sa shi a filin wasa. A 2019 an soke sakamakon tseren wata ɗaliba, Noor Abukaram, a Ohio saboda ba a nema mata izinin sa hijabi ba, abin da ya kai ga jihar ta yi doka a 2022 da ta hana irin haka. Duk da haka a tambayi koci dokar jiharku tun kafin ranar gasa.

Akwai kuma masu sakin karatu suna hangen tallafin jami'a. A Texas, tun 1984 duk wanda ya kasa samun maki 70 cikin 100 a wani darasi ana dakatar da shi daga gasa. Kusan biyu cikin ɗari ne kawai na 'yan wasan sakandare ke samun tallafin karatu ta wasanni, kuma manyan jami'o'in NCAA suna neman darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, waɗanda yawanci ake fara lissafawa daga aji na tara.